Moto Ba Bel Ba Giya: Jawabi Ga Ɗaliban Jami'ar Bayero



Wanda duk ya ratsa rumfunan teloli a Kasuwar Kurmi ya san kukan keken ɗinki mai aiki da wuta. Motonsa yana ƙarƙashin tebur, yana ta juyi ko ana ɗinki ko ba a yi, bel ne ke kai ƙarfinsa sama. To, kekunan da ake shigowa da su yanzu, irin su Juki da Jack, da yawansu ba su da wannan bel. An ɗaura moton ne kai tsaye a jikin sandar da ke motsa allura.

Mene ne amfanin haka? Bel yakan saki, yakan zame. Giya kuma (ta inji nake nufi, kada malamai su harare ni) akwai ɗan rata tsakanin haƙoranta, in ba haka ba sai su cije. Idan moto ya juya baya, sai ya cinye wannan rata tukuna kafin abin da yake ja ya motsa. A injin niƙa ba wanda zai damu. Amma tsarin sabo aikinsa ke nan ya auna inda sanda take, ya gwada da inda aka umarce ta, ya gyara bambancin nan take. In akwai rata a tsakani, awon ya zama ƙarya, sai inji ya dinga rawa yana neman wurin tsayawa. Da aka cire bel, tela na ɗaga ƙafa allura za ta tsaya cak, a sama ko a cikin yadi, yadda ya zaɓa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Matsushita na Japan ya fitar da garmaho mai suna Technics SP-10 a 1970, moto na juya faifai kai tsaye. A 1981 Takeo Kanade da Haruhiko Asada suka ƙera hannun mutum-mutumi a kan wannan tsari a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka.

Sai dai fa giya tana ninka ƙarfi. Wanda ya cire ta, dole ya nemi moto mai maganaɗisu mai ƙarfi, ya kuma san yadda zai yi da zafi. Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Bel in ya tsinke, yaron shago ma zai canja shi. Allon lantarkin sabo kuwa, in wuta ta yi sama ta ƙona shi, tela sai ya zauna da kayan Sallar mutane yana jiran mai gyara, masu gyaran kuma ba su da yawa. Ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi Tsangayar Injiniya ta buɗe wa masu gyaran keke na cikin birni aji a lokacin dogon hutu.