MAKARANTA DA FADAMA: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON ƘUNGIYA NA SHEKARA-SHEKARA

 



An nemi mu yi magana a kan ilimin 'ya'yanmu na gida. Za mu fara da wani abin kunya da ya same mu a lokacin da muke riƙe da wata makarantar firamare a wannan yanki. Wata rana sufeton makarantu ya zo rangadi, ya shiga aji shida, ya tambayi yadda ake gano faɗin fili. Yara suka amsa da murya ɗaya, babu kuskure. Sai ya fito da su waje, ya miƙa musu igiya da rula, ya ce su auna masa lambun da ke bayan aji. Suka yi cirko-cirko, kowa na kallon ɗan'uwansa. Galibinsu kuwa 'ya'yan manoma ne, waɗanda suka san fadama tun suna goye. A ranar muka gane cewa hadda muka ba su, ba mu ba su ilimi ba.

Maganin wannan cuta shi ne abin da masana ke kira koyarwa ta hanyar aiki. Ma'anarta ita ce malami ya ɗauko wata matsala ta gaske daga rayuwar gari, ya raba yara rukuni-rukuni, su yi makonni suna bincike da awo da rubutu, a ƙarshe su fito da sakamakon da za a gani da ido. Lissafi da Hausa da Turanci da kimiyya duk sai su haɗu cikin aiki guda. A Amurka, malami John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. A 1918 William Kilpatrick ya tsara wannan hanya a rubuce, ta bazu a duniya.

To amma kada mu ɗauka baƙon abu ne gare mu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, ya rasu a cikinsa a 1837, ya yi wa Umarun Dallaje na Katsina nasiha a littafinsa Usulus Siyasa da ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina, domin da su gari ke tsayuwa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ma tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Mu kanmu da aka horar a kwalejin malamai zamanin shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, an koya mana cewa malami ba ya shiga aji hannu rabbana, sai da kayan koyarwa da ya haɗa da kansa.

Ina muka yi saki-na-dafe? Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da kyakkyawar niyya ta koyar da fasaha. Aka sayo injuna daga ƙasashen Turai, amma da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatuna saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Darasin da ke nan shi ne, aikin da ya dogara ga kayan da babu su a gari ba ya ɗorewa. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, an kuwa gina azuzuwa, sai dai abin da ke gudana a cikinsu bai sauya sosai ba: malami ya rubuta a allo, yaro ya kwafa.

Mu kuwa Allah ya ajiye mana ɗakin gwaji a ƙofar gida. Ku ɗauki Wurno da albasarta da tafarnuwarta. Kowane manomi ya san baƙin cikin buɗe rudu ya tarar albasa ta ruɓe. Me zai hana 'yan aji biyar su raba albasa kashi uku, su ajiye kashi ɗaya a rudu, ɗaya a buhu, ɗaya a shimfiɗe cikin inuwa mai iska? Duk mako su auna a sikeli, su ƙidaya wadda ta lalace, su rubuta farashin kasuwa. Kafin zango ya ƙare sun koyi ɗebewa da rabawa da kashi cikin ɗari, sun koyi zana jadawali, sun kuma rubuta rahoton da za su karanta a gaban iyayensu.

Ku ɗauki Goronyo. Madatsar ruwan da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984 an gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Wannan adadi ba ya nufin komai ga yaro sai ya gano da kansa cewa kubik mita ɗaya jarka 40 ce mai cin lita 25. Da gwangwani da rula yara za su haɗa ma'aunin ruwan sama, su riƙa rubuta abin da ya sauka duk damina. Daga nan sai su tambayi manya labarin ambaliyar 2010 da janyewar ruwan dam ta 2018, su nemi dalilin da ya sa gulbi ɗaya ke kawo arziki da hasara.

Ku ɗauki Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda shi kansa malamin makaranta ne a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Yara su zagaya gun dattawa, su rubuta tarihin unguwanni da rijiyoyi da masallatai, su zana taswirar garinsu. Duk dattijon da ya rasu ba a rubuta abin da ya sani ba, rumbu ne ya ƙone.

Mun san akwai masu ƙorafi, kuma suna da hujja. Wasu iyaye na tuna gonar makaranta ta da, wadda a wasu wurare ta zama gandun hedimasta, yara su yi noma, wani ya kwashe amfani. Wannan bauta ce, ba koyarwa ba. Aikin da muke nufi dole ya kasance da tambaya a farkonsa, rubutu a tsakiyarsa, sakamako a ƙarshensa. Wasu kuma na tsoron kada a bar manhajar jarrabawa. Abin da muka gani a aji shi ne, yaron da ya auna abu da hannunsa ba ya manta shi a ɗakin jarrabawa, don gani ya kori ji. Game da rashin tsaron da ya addabi gabashin jiharmu, ya raba iyalai da ƙauyukansu, ba mu ce a kwashi yara zuwa daji ba. Duk ayyukan nan ana iya yin su a harabar makaranta da cikin gari.

Wannan hali ma shi ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Uban da ya ga ɗansa ya shekara shida a makaranta bai iya lissafa masa kuɗin buhunan shinkafa ba, ba zai tura ƙanensa ba. Yaron da ya bar makaranta babu karatu babu sana'a kuwa, mun san masu jiran sa.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, ta zaɓi makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, tare da sanin sakataren ilimi, ta saya mata sikeli da tef na awo da littattafan rubutu. Kuɗinsu bai kai na fentin aji ɗaya ba. Na biyu, 'ya'yanmu injiniyoyi da likitoci da malaman gona, duk wanda ya zo gida hutun Sallah ya ba malaman garinsu yini ɗaya. Na uku, a taron baɗi a ware sa'a guda yaran da kansu su tsaya a nan su nuna mana abin da suka gano, a kuma karrama malamin da ya jagorance su.

'Ya'yanku na birni suna makarantu masu kwamfuta da intanet. Na gida kuwa 'ya'yan yayyenku ne da ƙannenku, kuma su ne za su gaji fadamar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya shiryi zuri'armu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.