Uwargida da Kwamfuta Mai Nawa



Nan Gobarau akwai matan da ba su fita, amma suna samun na cefane da buga wa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua takardu a kwamfutar gida. Kukansu ɗaya ne, wai ta cika nawa. To, kar ki yi saurin aika ta wurin mai gyara.

Sau da yawa manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna ta ne ke danne ta. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ki shiga Startup, ki kashe waɗanda ba ki amfani da su. Wadda ba ki gane ba ki bar ta, kar garin neman gira a rasa ido.

Sai ƙurar hunturu. Tana toshe fankar ciki, kwamfuta ta ɗauki zafi ta rage gudu. Zare ta daga wuta, ki share ramukan iska da busasshen burushi.

Ctrl da S kuwa, mai adana aiki, ki riƙa danna shi akai-akai. Ni kaina na taɓa buga shafi 12, aka ɗauke wuta, rabinsu suka tafi.