Wa Zai Koya Musu Fatiha?

Matanin laccar da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a zaman karatu na wata-wata.

Godiya ta tabbata ga Allah (T), tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, maganar da zan yi yau magana ce da akasarinmu ba mu taɓa ta sai dai da dariya ko da tsinuwa, wato maganar mutumin da aka haifa namiji amma ya tashi yana jin kansa mace, yana tafiya yana magana kamar mata. Zan fara da labarin wata ƙasa mai nisa, domin mutum ya fi iya sauraro da natsuwa idan ba maƙwabcinsa ake magana a kai ba.

A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a yankin Asiya ta Kudu maso Gabas, ana kiran irin waɗannan mutane waria, kalmar da aka harhaɗa daga sunan mace da na namiji a harshensu. Sana'arsu ba ta wuce gyaran gashi da kwalliyar amare da waƙa a bakin titi ana jefa musu kwabbai, wasunsu kuma, kada mu ɓoye, karuwanci. A watan Mayu na 2006 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Yogyakarta a tsibirin Jawa, ta kashe mutane fiye da 5,000, cikinsu har da waria. Waɗanda suka tsira suka taru don yi wa mamatansu addu'a, kuma daga wannan taro ne, a 2008, aka buɗe wata 'yar makarantar addini mai suna Al-Fatah a gidan wata mai shagon gyaran gashi da ake kira Maryani, da taimakon wani malami, Hamrolie Harun.

Kun ji na ce "wata". Harshen Indonesiya yana da lamiri guda ɗaya ga namiji da mace, mu kuwa Hausa ba ta barin mutum ya zille, dole ka ce shi ko ita kafin ka kai ƙarshen jimla. Na bi yadda mutanen garinsu ke kiran su ne, ba fatawa na bayar ba.

To me ake yi a makarantar? Ana koyon baƙaƙe, ana koyon alwala, ana biya gajerun surori, ana sallar jam'i. Dalilin da suka bayar na buɗe ta shi ne abin da nake son ku riƙe. Suka ce idan ɗayansu ya shiga masallaci ya tsaya a sahun maza, sai a dare masa ana zunɗe. Idan ya nufi wajen mata, sai a kore shi. Da yawansu iyaye sun kore su daga gida tun suna yara, kafin su sauke ko izu ɗaya, sai ga mutum ya yi furfura bai iya Fatiha daidai ba, alhali yana shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah. A Al-Fatah sai aka bar kowa ya yi salla da suturar da zuciyarsa ta natsu da ita: wani ya ɗaura zanen maza na ƙasar ya sa hula, wani ya lulluɓa da farin mayafin sallar mata. Akwai wanda yake yini cikin kayan mata, amma idan lokacin salla ya yi sai ya wanke fuska ya sa na maza, yana ganin cewa a yadda aka halicce shi zai tsaya gaban Mahaliccinsa. Wannan ya nuna muku cewa su kansu ba a kan ra'ayi ɗaya suke ba, kuma tambayar da ke damun malamai tana damunsu fiye da kowa, domin su ne ke kwana da ita.

Maryani ta rasu a 2014, makarantar ta koma gidan Shinta Ratri a unguwar Kotagede. A Fabrairun 2016 wata ƙungiya mai suna Front Jihad Islam ta matsa lamba har aka rufe ta na ɗan lokaci, daga baya aka ci gaba da karatu. Shinta ma ta rasu a Fabrairun 2023. Ni ba na goyon bayan duk abin da aka yi a makarantar nan, musamman barin sutura da sahu ga zaɓin kowa. Amma ina tambayar waɗanda suka je rufe ta: da kuka rufe, wa kuka tura ya koya musu Fatiha?

Yanzu mu koma ga littattafanmu, don kada wani ya fita ya ce malam ya halatta daudu. Hadisin Ibn Abbas (RA) a Buhari a fili yake a kan la'antar maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Babu mai ikon share shi. Sai dai Imam Nawawi a sharhin Muslim ya kasa irin waɗannan mutane gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙago wa kansa laushin murya da rangwaɗa ba, wannan babu zargi ko zunubi a kansa saboda halittar, da kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Ibn Hajar a Fathul Bari ya ƙara da cewa na farkon ma ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali. Ku lura da sannu a hankali. Wa zai raka shi a wannan ƙoƙari idan tun daga bakin ƙofa aka jefe shi?

Kuma a Madina ma akwai su. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani daga cikinsu yana shiga ɗakin Ummu Salama (RA), har ranar da Annabi (SAW) ya ji shi yana siffanta wa ɗan'uwanta Abdullahi jikin 'yar Gailan ta Ɗa'ifa, sai ya hana shi shiga wajen mata. Wato kafin ranar ana barin shi, abin da ya faɗa ne ya jawo hanin. A ruwayar Abu Dawuda, bayan an fitar da shi bayan gari yakan shigo kowace Juma'a neman abinci. Abu Dawuda ya kuma kawo labarin wani da aka zo da shi ya ƙunsa lalle hannu da ƙafa, aka kore shi zuwa Naƙi'u. Da aka nemi izinin kashe shi, Annabi (SAW) ya ƙi, ya bayyana cewa an hana shi kashe masu salla. Akwai horo a nan, ba shakka, amma shugaba ne ya yi shi, ba yaran unguwa da duwatsu ba, kuma ba a cire mutumin daga cikin masu salla ba.

Kada kuma mu cakuɗa wannan da mas'alar mata-maza, wanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fayyace ba. Shi malaman fiƙihu sun yi masa babi a gado da aure da salla, kuma duk wanda ya sauke Muhtasar ta Shehu Halil ya san da wannan mas'ala aka rufe littafin. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1989, ta halatta yi wa irin wannan aikin likita don fito da jinsin da ya rinjaya, ta haramta sauya jinsi ga wanda gaɓoɓinsa suka cika. Iran ta bi wata hanya daban tun fatawar Khumaini ta shekarun 1980, mu ba a kanta muke ba.

To mu dawo gida. 'Yan daudu ba daidai suke da waria ba ta kowace fuska. Da yawansu suna ɗaukar kansu maza, suna aure suna haihuwa, ko da yake a tsakaninsu suna kiran juna da sunayen mata. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a 2009, ya raɗa masa suna daga maganarsu cewa Allah ne Ya yi su. Abin kunya ne a ce baƙo ya zauna ya saurare su, mu da muke da'awar gyara ba mu taɓa ba. Muna cin soyayyar kazarsu a tasha, matanmu suna ɗauko su girkin biki, amma sallama ba ta haɗa mu.

Na taɓa tsayawa salla a masallacin wata tasha. Wani mai sayar da tuwo, ɗan daudu, dattijo, ya wanke hannu ya zo ya yi alwala, ya tsaya can ƙarshen sahu. Wanda ke kusa da shi ya matsa, ya bar tazarar mutum guda a tsakaninsu. Ni ina ganin abin, ban cike gurbin ba. Da aka sallame ya ɗauki takalmansa ya fice kafin kowa ya juyo, da alama ya saba. Shekaru sun wuce, ban san ko yana raye ba, kuma idan ya mutu ban san wa ya yi masa wanka ba, ko an samu masu sallatarsa.

Saboda haka ina roƙon kwamitin da'awa, da suke zagayen tashoshi da kasuwanni, su sa rumfunan masu abinci cikin jerin wuraren da za su tsaya. A je mutum biyu ko uku, dattawa, da rana tsaka. A fara da tsarki da alwala da Fatiha, a tambaye su abin da suke son sani, a saurara kafin a yi magana. Wanda ya san ba zai iya riƙe dariyarsa ko bakinsa ba, ya zauna a gida. Mas'alar wankan gawa da inda mata-maza zai tsaya a sahu kuwa, za mu karanta su daga littafi a zama mai zuwa in Allah Ya so, kowa ya zo da Muhtasar ɗinsa.