Jawabin Shugabannin Ƙungiya a Bikin Zagayowar Shekara: Baikon da Allah Yake Karɓa

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da baƙinmu da suka taso daga Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana.

An riga an karanta muku lissafin asusu da na rance. Mu shugabanni, wata magana ce ta rage a bakinmu, kuma da kanmu za mu fara. Kun san yadda muka saba yi ranar baikon godiya: a kira suna, a faɗi kuɗi, a yi guɗa. Mai ba da buhun gero ta sha tafi, mai kawo kwano ɗaya ta ajiye a ɓoye ta koma kujerar baya. Bara mun lura wasu 'yan'uwa sun daina zuwa ranar, da muka bi sawu sai muka tarar kunya ce ta hana su. Akwai kuma wadda ta ci rancen sana'a daga asusun nan don a ji sunanta, har yau jarin ƙuli-ƙulinta bai farfaɗo ba. Laifin namu ne, mu da muka mai da bayarwa gasa.

Ku duba Markus sura 12. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a Haikali. Attajirai sun zuba da yawa, amma gwauruwa mai anini biyu ya yaba, domin su daga rararsu suka ɗiba, ita kuwa abin da za ta ci ne ta bayar. Sai kuma Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi, suka nuna kamar duka suka kawo. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma a hannunsa suke, ba wanda ya tilasta masa. Ashe ba ƙanƙantar baiko ce ta hallaka su ba, ƙaryar ce. Bulus ma a 2 Korintiyawa sura 9 ya koyar cewa kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, da fara'a, ba don an matsa masa ba.

Mun san halin da ake ciki. Tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma rufe iyakar Nijar wata da watanni, ciniki ya ja baya a Kongolam da kasuwar Mai'aduwa, kayan masarufi suka yi tsada. To, ai Allah ya fi mu sanin abin da ke cikin tukunyar kowacce.

Ga wani misali daga nesa. A jihar Mizoram ta ƙasar Indiya, tun 1910 matan ikilisiya suke ware dintsi ɗaya na shinkafa duk lokacin da za su ɗora girki. A tara, a sayar, a yi aikin Ubangiji da kuɗin. Fiye da shekara 100 ke nan ba su daina ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka mun zauna mun yanke abu uku. Na ɗaya, daga bana ba za a ƙara kiran suna da adadin kuɗi ba. Ma'aji da sakatariya kaɗai za su rubuta, a karanta jimilla. Na biyu, ba za a ba da rancen asusu don baiko ko alkawarin gidauniya ba. Kuɗin sana'a na sana'a ne. Na uku, kowace mai so ta ajiye ƙwarya kusa da murhu, ta riƙa zuba dintsin gero ko dawa kafin ta yi tuwo. Ƙarshen wata mu haɗa, mu kai wa gwauraye da marayu da marasa lafiya, na cikinmu da maƙwabtanmu Musulmi, ba tare da bambanci ba.

Wadda ta yi alkawari a baya ta kasa cikawa, kada ta gudu. Ta zo ta same mu a keɓe, mu daidaita.

Ubangiji ya tsarkake zukatanmu, ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya kai mu baɗi lafiya. Amin.