Wane irin mushe ake nema ga lakwal?

Zancen yau na mushen lakwal ne, wanda kuke ba amanar ɗiyanku tun safe har marece.

Kafin a ɗauki mutum aikin koyarwa, takardarsa ake fara dubawa. Akwai makarantun horon malamai a Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. A shekara ta 2017 gwamnati ta yi wa malamai ƴan kwantaragi jarrabawa a ƙasa duka. An tarar da yawa ba su iya abin da za su koya wa yara ba.

A ƙauye, abu na farko shi ne harshe. Yaro ɗan shekara 7 ya zo lakwal, bai taɓa jin faransanci ba. In mushe ba ya jin harshensa, sai yaron ya zauna yana kallon baki, yana maimaita abin da bai gane ba. Don haka ne tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram, inda yara suka fara karatu da hausa.

Sai haƙurin zama. Wani aji rumfar kara ce, ba a gina ta sai an gama girbi, kuma ruwan farko ya tashe ta. Watannin da suka rage kaɗan ne. Mushen da ke tafiya birni neman albashi ya yi sati bai dawo ba, ya cinye wa yara shekara. Wani wuri kuma mushe ɗaya ke riƙe da aji biyu: ya ba manya lissafi, ya juya ga ƙanana da baƙaƙe. Ana son wanda zai iya zuwa gida ya zauna da uba, ya lallashe shi kada a fid da yarinya don aure.

A birni wahalar dabam ce. Yara sun yi yawa, na baya ba ya ganin allo. Ana neman mai murya, mai iya tsare aji ba da bulala ba. Makarantun kuɗi su ke zaɓen malamansu, sukan sa mutum ya koyar a gabansu tukuna.

Ƙauye ba ya zaɓen mushensa, hukuma ke aiko shi. Amma kwamitin iyaye na iya samar masa ɗaki, ya kuma kai magana ga sufeto in an daɗe ba a gan shi ba.