Jawabi Kan Tafiyar Kakanni Zuwa Ƙasashen Ƙanƙara

 



Mu da ke zaune a Karshi mun san baƙunta. Daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato muka taso, muka zo muka tarar da Gwandara da Gade da Gbagyi, suka ba mu wuri muka kafa rumfa. A lokacin, iyayenmu su kan shigo mota su zo ganin jikoki, su kawo daddawa da kuka, su ga ko yaran na zuwa makarantar allo. To, yau layi ya zo kanmu. 'Ya'yanmu sun yi karatu, wasu sun haye Kanada da Amurka da Turai, sun hayayyafa a can, suna aiko wa tsofaffi takardar gayyata. Zumunci a ƙafa yake, ba mu hana kowa tafiya ba. Abin da muke so shi ne duk wanda zai tafi ya san inda za shi da abin da zai kai.

Bari mu ɗauki misali da Kalgari, wani birni a jihar Albata ta yammacin Kanada, inda 'yan Nijeriya ke da yawa. Garin yana gindin manyan duwatsun da ake kira Roki, bisa tudu na sama da mita 1,000, wato kusan tudun Jos. Amma sanyinsa ba irin na Jos ba ne. A watan Janairu akwai ranakun da ma'aunin zafi ke sauka digiri 30 ƙasa da sifili. Ku 'yan kasuwa masu sayar da kifi da kaji, firizarku a kan 18 ƙasa da sifili take aiki. Wato waje ya fi cikin firiza sanyi. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi da iska suka kai nan, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Babbar riga da hula zanna ba za su tsare mutum ba. Sai tufafi hawa-hawa, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne, da takalmi mai kama ƙasa.

Maganar takalmi ba wasa ba ce. Dusar ƙanƙara kan narke da rana ta sake daskarewa da dare, ta zama santsi da ido bai gani. Tsoho in ya zame ya karya ƙugu, jinya ce ta watanni. Haka kuma kada dattijo ya ce zai taya ɗansa kwashe ƙanƙarar ƙofar gida da shebur, domin likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa wannan aiki cikin sanyi yana tayar da ciwon zuciya. Iyayenmu mata kuma, don Allah kada a kunna gawayi a ɗaki don jin ɗumi. Gidajensu a rufe suke ruf, hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Ko turaren wuta ma sai an tambayi masu gida, don akwai na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi.

Sai maganar takardu. Tun watan Disamba na 2011 Kanada ta fito da wata biza ta musamman don iyaye da kakannin 'yan ƙasa da masu takardar zaman dindindin. Daga Yulin 2022 mai wannan biza yana iya zama har shekara 5 a shiga ɗaya, alhali bizar baƙunta ta yau da kullum galibi wata 6 ake bayarwa. Sharuɗɗanta sun haɗa da gwajin likita da inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000. Kada wani ya ce a yi dabara a tsallake inshora. Baƙo ba ya cikin tsarin asibitin da gwamnati ke biya wa mazauna, kwana kaɗan a gadon asibiti yana iya cinye jarin mutum kaf. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa kafin tafiya, ya riƙe magungunansa a cikin kwalayensu tare da takardar likita.

Tsaraba ma akwai ka'ida. Kilishi da dambun nama ba sa shiga. Duk abincin da ke cikin jaka, ko kuka ce ko kuɓewa busasshiya ko yaji, a bayyana shi ga jami'an kwastan, su ne za su ce wannan ya wuce, wannan ya tsaya. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce. Kuɗi ma in sun kai dalar Kanada 10,000 dole a faɗa. Mu 'yan kasuwa mun san gaskiya a bakin iyaka ta fi sauƙi.

Game da ibada, a nan in an ce alƙibla sai mu ce gabas. A Kalgari alƙibla tana wajen arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas, don haka a tambaya kafin a shimfiɗa dadduma. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, ta faɗi wajen huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kurkusa. A watan Yuni kuwa yini ya fi awa 16, Isha'i sai can dare ya yi nisa. Sai a bi jadawalin masallacin garin. Malamanmu ba su bar mu a duhu ba: babin shafa a kan huffi yana nan cikin Risala, kuma Muhtasar na Halilu ya ambaci ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su. A koma wurin malam a yi bitar waɗannan babuka kafin a hau jirgi. Musulmi kuwa ba baƙi ba ne a Albata. Masallacin farko da aka gina a Kanada, Al-Rashid, a Edmanton babban birnin jihar yake, tun 1938.

To jama'a, duk wannan shiri ne na jiki da aljihu. Abin da ya fi damunmu shi ne zaman kansa. A nan Karshi dattijo yana da majalisa, yana da masallaci a bakin layi, ga suna ga biki ga jana'iza. Tsohuwa tana da maƙwabta da ke leƙowa. A can ɗa ya fita aiki, matarsa ta fita, yara sun tafi makaranta, an bar tsohuwa da jariri da taga, ba harshe, ba mota, waje ba ya fituwa. In ta ce ta buga waya gida, tsakaninmu da su awa bakwai ko takwas ne, lokacin da ta samu sarari mu mun kwanta. Wannan kaɗaici ya fi sanyi cin mutum.

Saboda haka muna kira ga 'ya'yanmu da ke can, kuma ku isar musu da saƙon: uwa ta je wankan jego ko ganin jikoki, kada a mayar da ita mai raino ta shekara da shekaru don ana gudun kuɗin gidan renon yara. A kai Baba Juma'a. A haɗa su da Hausawan garin. A ɗauki hutu a kai su Banf su ga ikon Allah, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga Kalgari, su ga duwatsu fari fat da tafkin da ya daskare har mutane na tafiya a kansa. In da hali, tafiyar farko ta kasance tsakanin Mayu da Satumba. A yanke ranar dawowa tun kafin a tashi.

Ku kuma kakanni, tsarabarku ta gaskiya tana bakinku. Jikan da aka haifa a can Turanci yake ji a makaranta da talabijin da wurin wasa. In bai ji Hausa daga gare ku ba, daga wa zai ji? Ku yi musu tatsuniya, ku koya musu gaisuwa da Fatiha, ku faɗa musu sunan garinku da sunayen kakanninsu. Hajiya ta ja jikanta da wasan miji, Alhaji ya tsokani amaryarsa, yara su san akwai wannan a duniya. Amma a yi da lallashi. Dukan yaro a can yana iya jawo hukumar kula da yara har ƙofar gida, a jefa iyayensa cikin wahala.

Daga ƙarshe muna roƙon ƙungiya, duk dattijon da zai yi irin wannan tafiya a haɗa shi da wanda ya taɓa zuwa, a zauna a karanta masa takardunsa da Hausa, kuma a sa ido a kan gidansa da rumfarsa har ya dawo.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya shirya mana zuriya duk inda suke, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.