Fina-finan Da Suka Fi Ƙayatar Da Mu A 2024



An ɗora mana nauyi, mu 'yan ƙungiyar kallon silima, mu faɗi fina-finan da suka fi ƙayatar da mu cikin waɗanda muka kalla a shekarar 2024. To, ra'ayinmu ne za ku ji, don haka wanda bai yarda ba kada ya ji nauyin tashi ya musa in mun gama. Ma'auninmu kuwa ɗaya ne tak: wane fim ne bayan an kunna fitilu mutane suka ƙi watsewa, suka yi cirko-cirko bakin ƙofa suna gardama?

Bari mu fara da na gida, watau Mai Martaba, wanda Prince Daniel Aboki ya shirya, aka ɗauke shi a Daura, Adam A. Zango yana cikin manyan 'yan wasan. Labari ne na rikicin gadon sarauta a wata masarauta da aka ƙaga mai suna Jallaba, inda sarki ya nufi 'yarsa ta gaje shi. Wanda ya san cewa mata suka yi ta mulkin Daura kafin zuwan Bayajidda zai ga an dace da wurin ɗauka. Shi Nijeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka. Bai shiga cikin 15 da aka tace ba, amma dai ba a kore shi don harshe ba, kamar yadda aka yi wa Lionheart a 2019 saboda Ingilishi ya yi masa yawa. Mun ji daɗin dawakai da rawuna da Hausar fada. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, me ya kai mu ƙagar masarauta alhali ga yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ga Satiru ta 1906, duk suna jiran mai kyamara?

Na biyu, Io Capitano, ya fito tun 2023, mu ne dai bai iso gare mu da wuri ba. Wani mutumin Italiya, Matteo Garrone, ya shirya shi, amma yawancin maganar da harshen Wolof ake yi. Samari biyu 'yan'uwa, Seydou da Moussa, suka sulale daga Dakar ba da sanin iyaye ba, suka ratsa Mali, suka sauka Agadas, suka shiga Sahara. A Libiya aka tsare Seydou a wani gidan azaba inda ake tilasta wa mutum ya ba da lambar wayar danginsa don su biya fansa. Daga ƙarshe yaro ɗan shekara 16, wanda ko iyo bai iya ba, aka danƙa masa jirgin ruwa maƙil da mutane aka ce ya kai su Turai. Hanyar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce hamadar da aka ƙetara da Shaihu Umar yana yaro cikin littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, sai dai a da janka ake yi, yanzu kuwa kai ke biyan kuɗin motar. Laifin fim ɗin a wurinmu, ya tsaya daidai lokacin da aka hango gaɓar Sisili, watau daidai inda Turai za ta fara amsa tata tambayar.

Wanda ya yi mana zarra shi ne Dahomey, na Mati Diop, 'yar Senigal da Faransa, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a Fabrairun 2024. Tsawonsa bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma abin da ya faru ne aka ɗauka. A 1892 sojojin Faransa suka ci Abomey, birnin Sarki Behanzin, suka kwashe kayan fada. A Nuwamban 2021 aka mayar da guda 26 daga wani gidan tarihi na Paris zuwa Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Diop ta bi kayan tun ana naɗe su. Sa'an nan ta yi wata dabara: ta ba mutum-mutumin Sarki Gezo murya, da harshen Fon, yana mamakin yadda aka raɗa masa lamba 26 a maimakon suna. Da aka rufe akwatinsa sai majigin ya yi duhu ƙirin, mu ma 'yan kallo muka zama kaya cikin akwati, sai ƙarar kusoshi muke ji.

Amma abin da ya kama mu na can gaba, inda aka tara ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi aka ba su abin magana. Nan fa muka ga kanmu. Wani ya ce guda 26 cikin dubbai cin fuska ne. Wata ta ce a karɓa tukuna, a nemi saura. Wasu suka ce siyasa ce ta shugabannin ƙasashen biyu. Wasu suka tambaya, kayan bauta ne ko kayan kallo, wa kuma ya ce mazauninsu cikin gilashi ne? Mai zafin duka, aka tuna wa taron cewa duk wannan muhawara da Faransanci ake yinta, harshen wanda ya kwashe kayan. Diop ba ta raba gardamar ba, ta bar su kowa da bakinsa, abin da ba kasafai masu fim ke iya daurewa su yi ba.

Ba mu ga ta dariya ba, domin mu ma da Ingilishi muka fara tamu gardamar a bakin ƙofa. Kuma zancen namu ne. Kayan tagulla na Bini ta Jihar Edo, kada a rikita ta da Jamhuriyar Benin, sojan Ingila suka kwashe su a 1897, Jamus kuwa ta fara mayar da nata kason a Disamban 2022. Ku da za ku zauna a ma'aikatun ilmi da na al'adu, a teburinku irin waɗannan takardu za su sauka, ku za ku sa hannu a kan inda za a ajiye kayan, da harshen da za a rubuta bayaninsu, da ko yaron ƙauye zai taɓa ganinsu.

Saboda haka mun shirya sake nuna Dahomey a wannan zango, muhawarar da za ta biyo baya kuwa da Hausa za a yi ta. Muna roƙon ɗaliban sashen Faransanci su taimaka mana da fassara.